Jakadan Rijiyar Madaki

A shekarar da arzikin man fetur ya cika titunan Gombe da sababbin babura, abu ɗaya ne ya ƙi isowa unguwar Madaki: ruwa. Famfunan gwamnati sun tsaya a GRA, unguwar manyan ma'aikata, da kewayenta. A Madaki kuwa, mata da 'yan garuwa ne ke gangarawa kwari tun da sanyin safiya, su tona yashi, su zauna jiran abin da zai tsatso. Saboda haka ranar da wata ƙatuwar mota mai doguwar hasumiyar ƙarfe ta shigo unguwar tana gurnani, har tsofaffin da suka daina fita sai da suka leƙo. Gwamnatin jiha ce ta ɗauko wani kamfani ya haƙa rijiyoyin burtsatse, injiniyansa kuma wani dogon Bajamushe ne mai suna Ditmar.

Ditmar ya yi ta auna ƙasa da wayoyinsa daga wannan lungu zuwa wancan yana girgiza kai. Wuri ɗaya tak ya ce yana da tabbacin ruwa a ƙarƙashinsa, wato cikin filin awon auduga na Manoli.

Manoli mutumin Girka ne, ya zo Gombe sayen auduga tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin. Ya auri Edna, 'yar Tangale daga Kaltungo mai aikin ungozoma, Hausarsa kuma har da lanƙwasar Fulatanci irin ta 'yan gari. Ba a taɓa neman alfarma a wurinsa ya hana ba. Shi ya sa mutane suka kasa gane abin da suka gani. Ya fito da fara'arsa ya tarbi motar, ya miƙa wa injiniyan hannu, ya tambaye shi ƙasarsu. Da ya ji amsa sai ya janye hannun a hankali, ya koma ciki, ya ɗaure ƙofar filin da sarƙa.

"Bajamushe ba zai taka filina ba ina da rai," in ji shi.

Kamfanin kuwa ba shi da lokacin lallashi. Dole motar ta kama hanyar Dukku kafin ruwan farko ya lalata hanyar. In ba a buɗe ƙofar nan ba kafin lokacin, an tsallake Madaki ke nan, babu kuma wanda ya san shekarar da wata motar za ta sake zuwa.

A wannan hali ne Bappa Bamanga, dattijon da unguwar ke jin maganarsa, ya aika a kira masa ɗan ƙaninsa Aƙilu.

Aƙilu malamin tarihi ne a makarantar sakandare, bai daɗe da dawowa daga jami'a a Zariya ba. Saurayi ne mai yawan shiru, irin wanda ke tafiya a titi yana gardama da kansa. Burinsa aikin jakadanci, ya nema bai ji amsa ba, ya riƙe alli yana jin kamar an ajiye shi ne a gefen duniya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne binciken da ya kammala karatu da shi. Wani malaminsu na tarihin Turai ya ba shi batun musayar jakadu tsakanin Jamusawa da Girkawa, ya ba batun zuciyarsa gaba ɗaya, abokansa kuma suka mayar da shi abin dariya. "Wa zai ci tuwo da wannan a Gombe?" Haka suke tambayarsa, shi ma daga baya haka ya riƙa tambayar kansa.

Ya tarar da Bappa a zaure tare da amininsa Malam Bakari, Babarbare mai sayar da huluna. Ya durƙusa ya gaishe su.

"Kai, Aƙilu," in ji Bappa, "an ce mini Turawan nan biyu ka je Zariya ka karanta. Gaskiya ne, ko shinkafar makaranta kawai ka ci ka dawo?"

"Gaskiya ne, Bappa."

"To, ga ranarka ta zo. Kai ne jakadanmu."

Jakada. Kalmar ta ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ashe ba a banza ya ɓata idanunsa a ɗakin karatu ba! Ashe tarihin da ya ɗauka ya binne a akwati zai iya tasowa ya tsaya a ƙofar filin auduga! Da Bappa ya ce ya ba su labarin mutanen tukuna, sai bakin da bai saba magana ba ya ɓalle.

Ya ba su labarin yadda Girkawa suka sami 'yancin kansu ba su da gidan sarauta, manyan ƙasashe suka ɗauko wani ɗan sarki daga Jamusawa suka naɗa musu. Ya faɗi yadda a lokacin Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce, masarautu ne barkatai, manyansu suka riƙa tura wakilansu Atina, babban birnin Girka, kowa da tutarsa a ƙofar gida. Ya faɗi yadda suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya mai jakada ɗaya, yadda aka janye jakadu a babban yaƙi na farko aka mayar, aka sake rufe ƙofofi a na biyu aka sake buɗewa. Yana magana yana zana taswira da yatsa a kan tabarma.

"Tsaya," in ji Bappa. "Wato ɗansu ya yi sarauta a kan waɗancan?"

"Ya yi, har suka gaji suka kore shi."

"Sun yi auratayya?"

"Wani sarkin Girka na baya ya auri 'yar gidan sarautar Jamus."

"Sun yi yaƙi?"

"Sun yi, Bappa."

"Sun shirya?"

"Sun mayar da jakadu."

Bappa ya daki cinyarsa ya fashe da dariya. "Ashe abokan wasa ne! Duk wannan surutu, ashe abin da ke tsakanina da wannan bawan nawa ne."

"Wane ne bawanka, Bafillace mai ƙafar kara?" in ji Malam Bakari, ko ɗago kai bai yi daga hular da yake gogewa ba. "Ba don mu ba, da har yau kana daji kana bin wutsiyar saniya."

"Ji shi! Fuska duk zane kamar inda kaji suka yi tono."

Haka Fulani da Barebari suke tun da Aƙilu ya yi wayo. Kakanninsu sun gwabza, jikoki suka mayar da abin wasa, suna zagin juna a gidan suna da gidan biki, wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Aƙilu ya san cewa yaƙin Turawan nan na ƙarshe ba na kakanni ba ne. Amma a bincikensa yaƙin bai wuce layi biyu ba: a shekara kaza aka rufe ofishin jakadanci, a shekara kaza aka buɗe. Kwatancen Bappa kuma ya burge shi ƙwarai, har ya fara tunanin maƙalar da zai rubuta a kai. Ya yi dariya tare da su, ya tashi.

Washegari ya sa farin kaftaninsa na ranar karɓar digiri, ya hau babur ya nufi gidan saukar baƙi na GRA. Ya sami Ditmar a baranda, rana ta gasa masa wuya ya yi ja, taswirori a baje a gabansa. Da Turanci suka yi magana.

"Ban san mutumin nan ba, ban yi masa komai ba," in ji Ditmar. "Ka gaya masa ba ni da lokacin jiran mai taurin kai. In ya ƙi, akwai garuruwan da ke so."

Aƙilu ya juya saƙon a ransa duk tsawon hanya, ya goge masa kaifi. A ƙofar siton auduga ya ce wa Manoli, "Injiniya yana gaishe ka da girmamawa, ya ce shawara a hannunka take."

"Ka ce masa ya kwashe ƙarafansa ya koma inda ya fito," in ji Manoli.

Da ya koma GRA sai ya ce, "Yana nazarin maganar."

Haka ya yi ta kai da komo, yana shafa wa kowane saƙo zuma, yana jin daɗin kansa irin wanda bai taɓa ji ba. Wannan ai ita ce sana'ar, yake gaya wa kansa a kan babur, iska tana kaɗa masa riga. Jakada shi ne mutumin da ke haɗiye ɗaci don kada ya isa ɗaya ɓangaren.

Wata rana da zai fita daga gidan Manoli, Edna ta tare shi a baranda da jakar aikinta a hannu.

"Malam Aƙilu, ka taɓa tambayarsa dalili?"

"Na san dalili, Mama Edna. Yaƙi ne. Na karanta."

"Ka karanta," in ji ta. Ta dube shi har ya fara jin nauyin kaftaninsa. "Ni kuwa na ji abin da yake faɗa cikin barci. Amma ni ma ina son rijiyar nan fiye da kai. In Alhaji Bamanga ya kira shi, zai fito, don ba ya iya ƙin kiransa. Iyakar abin da zan iya ke nan. Ku bi shi a hankali."

Aƙilu bai ji gargaɗin ba, cewa zai fito kawai ya ji. Ya shirya zaman da kansa, a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ƙofar filin, wurin da ba na wannan ba, ba na wancan ba. Ya aro kujeru biyu iri ɗaya daga makaranta, ya daidaita su don kada inuwar wani ta fi ta wani. Ya tsara yadda za su iso a tare, kada a ce wani ya jira wani. Ya sa goro a faranti a tsakiya. Bayan la'asar unguwa ta taru, maza a gaba, mata a jikin katanga da tulunansu, motar haƙa kuma tana gefe da ma'aikatanta a kai, shugabansu Titus, wani kakkauran mutumin Waja, yana zaune a kan taya.

Suka iso. Manoli ya zauna yana kallon ƙasa, Ditmar ya zauna yana kallon agogo. Aƙilu ya miƙe zai fara jawabin da ya haddace, sai Bappa ya ɗaga masa hannu. Dattijon yana murmushi irin na likitan da ya riga ya gano ciwo. A ganinsa, abin da ya rage kawai shi ne wani babba ya buɗe musu wasan da kunya ta hana su farawa.

"Manoli!" ya kira da ƙarfi don kowa ya ji. "Ga ubangidanka ya taso tun daga Jamus neman bawansa da ya gudu. Tashi mana ka karɓi hularsa, ka ɗebo masa ruwa ya sha!"

Taro ya tuntsire da dariya. "Rama, Manoli!" in ji Malam Bakari. "Kada ka bar masa, ka gaya masa sarkinsu ma korarsa kuka yi!"

Manoli bai rama ba. Ya ɗago kai, kuma waɗanda ke kusa da shi ne suka fara yin shiru, shirun ya bi taron har ya kai ga matan da ke jikin katanga.

"Alhaji Bamanga," ya ce, muryarsa a kwance, "ka ce in ɗebo masa ruwa. Ai na taɓa ɗebo musu."

Ya ci gaba:

"Ina saurayi, gemu bai fito mini ba. Garinmu a kan dutse yake, da maɓuɓɓuga a tsakiyarsa. Sojojinsu suka zo da safe, suka tara maza a filin bayan coci. Ni ma ina cikin layin. Sai wani soja ya jawo ni, ya miƙa mini bokiti, ya nuna mini maƙogwaronsa. Sun sha tafiya, suna jin ƙishirwa. Ina bakin maɓuɓɓuga na ji harbi. Ubana yana wurin, da yayana Niko, da malamin makarantarmu. Ban san inda zan gudu ba, sai na dawo da bokitin. Suka karɓa suka sha. Ɗaya daga cikinsu har ya yi mini godiya."

Babu wanda ya motsa. Aƙilu ya ji kamar ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa. Layi biyun nan na bincikensa, a shekara kaza aka rufe, a shekara kaza aka buɗe, ashe a tsakaninsu akwai yaro da bokiti.

Ditmar ya taɓa masa hannun riga. "Me ya faru? Me ya sa suka yi dariya, me ya sa suka daina? Me ya ce?"

Amsar mai zuma tana nan a kan harshensa, a shirye: ya ce yana tuna wahalar yaƙi, yana neman a ƙara masa lokaci. Da ita za a tashi lafiya, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Amma ya dubi Manoli, ya ga mutumin yana kallon bakinsa, kuma ya tuna cewa Manoli yana jin Turanci sarai. Ba don Bappa ya faɗi labarin ba. Ya faɗa ne don a kai shi, ya zaɓi Hausa don kada ya yi wa Bajamushe magana kai tsaye.

Aƙilu ya juya ya fassara. Ya fara da wasan Bappa, ya bayyana abin da dattijon ya zata. Sannan ya kawo labarin ɗaya bayan ɗaya, bokitin, da sunan Niko, da godiyar. Bai rage komai ba.

Ditmar ya miƙe, ya cire hularsa.

"Ina ƙaramin yaro a lokacin," ya ce. "Ubana soja ne. Bai taɓa faɗin inda aka kai shi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ba zan iya ce wa mutumin nan ba ya wurin ba. Ka gaya masa yana da gaskiya. Ba zan shiga filinsa ba. Gobe za mu ɗaure kaya."

Aƙilu ya fassara wannan ma yadda yake. Wani gunaguni ya taso daga jikin katanga, wata tsohuwa ta ce, "Shi ke nan, mun koma kwari." Gaskiya ta fito, rijiya ta tafi. Ya tsaya a tsakanin kujerun nan biyu da ya daidaita da hannunsa, kunya ta rufe shi. A cikin kunyar ne wani babi na bincikensa ya faɗo masa, babin da ko malaminsa bai tsaya a kai ba.

"Bappa, ku ba ni izini," in ji Aƙilu. "Akwai abin da ban gaya muku ba a zaure. In ƙasashe biyu suka yanke hulɗa, ba su kan bar komai ya lalace ba. Sukan nemi ta uku ta riƙe musu amana, ta kai magana ta kawo, su kuwa ba sa ganin juna." Ya juya ga Manoli. "Ka ce Bajamushe ba zai taka filinka ba. To, ba zai taka ba. Titus ne zai shiga da injin. Injiniya zai zauna nan ƙarƙashin bishiya, a waje. Ni zan kai, in kawo."

Ya maimaita da Turanci. Ditmar ya ɗaure fuska yana tunani. "Dole in ga lakar da ke fitowa a kowane bututu. Dole in taɓa ta."

"Zan kawo maka a kwano."

"Ƙarar injin fa?"

"Injin nan har unguwar Dawaki ana jin sa, Oga," in ji Titus daga kan taya. "Ka zauna a inuwa, mu za mu sha rana."

Sai Bappa Bamanga ya tashi. Mutumin da ba a taɓa ganin kansa a buɗe ba ya cire hularsa, ya taka ya durƙusa a gaban kujerar Manoli.

"Na yi wasa a kan kabari ban sani ba," ya ce. "Ka yafe mini, ɗan'uwa."

"Subhanallahi, Alhaji, tashi!" Manoli ya zabura ya kama shi da hannu biyu. "Tashi, mutane suna kallo."

"Manoli," in ji Edna daga bayansa, ba da ƙarfi ba, "jiya da ruwan kwari na wanke jaririn maƙwabciyarmu Saudatu."

Manoli ya tsaya riƙe da hannun dattijon. Ya dubi matarsa, ya dubi matan da ke jikin katanga. Bai dubi Ditmar ba.

"Ƙafarsa kada ta wuce ƙofa," ya ce. Sannan ya nuna Aƙilu da yatsa. "Kai kuma, abin da na faɗa shi za ka faɗa. Na gaji da zumarka."

Da safe aka kwance sarƙa. Motar ta shiga da baya, tana gogar ginshiƙin ƙofa, yara suna ihu. Aka ta da hasumiya, injin ya kama, ƙasar Madaki ta fara rawa. Ditmar ya kafa teburinsa a ƙarƙashin darbejiya. Aƙilu ya nemi izini a makaranta, ya aro kwanukan sha na gidansu, ya fara gudu.

Bai taɓa sanin jikinsa yana da irin wannan gudun ba. Titus ya cika masa kwano da laka, ya ruga waje, Ditmar ya murza ta a yatsu, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana, ya ce a rage gudu ko a ƙara ruwa, ya ruga ciki ya faɗa. Farin kaftanin nan ya koma launin tukunya. Ɗalibansa suka hau katanga suna kiran "Jakadan laka!", shi kuwa ya ji sunan ya fi masa digiri daɗi. Manoli yana zaune a bakin sito, shi ma yana aikawa. "Ka ce masa ƙararsa ta hana ma'aikatana jin awo." Aƙilu ya kai. "Ka ce masa in ya fasa mini katanga shi zai gina." Ya kai, da kaifinta, ya kawo amsa da nata kaifin.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum da yamma, yana watsewa. Mutane suka koma kallon sama fiye da kallon injin. Sai kuma haƙa ta ci karo da dutse. Ƙarar ta canza, bututu ya daina sauka, abin da ke fitowa ya zama gari busasshe. Ditmar ya bar teburinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bakin takalminsa daidai kan layin da sarƙa take rataye a da. Yana hango hasumiyar, hannuwansa suna motsi kamar shi ke riƙe da injin. Taku ɗaya zai kai shi ciki. Manoli yana kallonsa daga bakin sito. Ditmar bai taka ba.

"Ka ce wa Titus kada ya matsa," ya ce wa Aƙilu. "A hankali. Ya bar ƙarfen ya ci da kansa."

Aƙilu ya kai. Ya dawo da kwanon gari. Ya koma, ya sake dawowa da gari. A wani zuwan, da ya miƙa kwanon, Ditmar ya cusa yatsa, ya zaro, ya ɗaga shi ga haske. Yatsan yana sheƙi.

"Gudu!" ya daka masa tsawa, yana dariya. "Ka ce ya ƙara bututu, gudu!"

Aƙilu bai kai ga Titus ba. Yana tsakiyar fili ƙasa ta yi wani irin tari, ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce rabin hasumiya, ya zubo a kansa. Guɗa ta tashi daga bayan katanga. Mata suka kwararo ta ƙofa da tuluna da bokitai, yara suna birgima a cikin taɓo, Titus yana rawa a kan motar, Malam Bakari ya jefa hular sayarwa sama bai damu da inda ta faɗi ba. Aƙilu ya tsaya a jiƙe sharkaf yana ihu, bai ma san abin da yake faɗa ba. Mutum ɗaya ne kawai ya rage a waje, a bakin ƙofa, mutane suna ratsa shi ta dama da hagu.

Manoli ya taso daga bakin sito da kofin silba a hannu. Aka buɗa masa hanya. Ya tara kofin ya cika, ruwan ja-ja-ja da laka. Ya tsaya yana kallon cikinsa har hayaniyar ta fara lafawa, Edna ta matso kusa da shi.

"Jakada," ya kira.

Aƙilu ya matso.

"Kai masa. Ka ce masa wannan karon babu wanda ya aike ni." Ya miƙa kofin, amma bai saki ba tukuna. "Ka kuma ce masa a garinmu ko akuya ba ta shan ruwa mai laka irin wannan."

Aƙilu ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya ratsa taron a hankali don kada ya zube. A bakin ƙofa ya miƙa shi, ya faɗi saƙon duka, na farko da na biyu. Ditmar ya karɓa. Ya kafa kai ya shanye har lakar da ta kwanta a ƙasa, ya goge baki da bayan hannu.

"Ka ce masa akuyar garinsu ta fi ni hankali," ya ce. "Kuma gobe ruwan zai washe."

Bappa Bamanga, da ke tsaye kusa yana jin fassarar, idanunsa suka yi haske, ya ja numfashi zai ce ai ga abokan wasan da ya faɗa. Malam Bakari ya toshe masa baki da tafin hannu.

"Rufe bakinka, Bafillace. Ba da kai ake ba."

Aƙilu bai tsaya jin sauran ba. Ya karɓi kofin, ya juya, ya ruga ciki da amsa.